Heluma da Leburan Kuza a Tarihin Ma'adinan Jos

Haƙar kuza, wato baƙin yashin nan mai nauyi da ake narkawa a sami farin ƙarfen da ake shafe gwangwani da shi, ta girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa, domin maƙeran Liruwe sun daɗe suna narka ta, suna sayar wa fatake. Labarin wannan fatauci ne ya ja hankalin kamfanin Neja, wanda ya tura masu bincike a 1902, kuma cikin 'yan shekaru aka kafa sansani a Naraguta, kusa da inda garin Jos yake a yau. Daga 1910 kamfanonin Ingila suka yi ta kwararowa, ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Fatakwal ya biyo baya a 1927, sannan kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya riƙa ba ma'adinan wutar lantarki daga ruwan Kurra.

Sai dai duk da wannan bunƙasa, ƙarfin ɗan Adam ne ya ɗauki nauyin sana'ar shekaru da dama, domin da diga da shebur ake haƙar ƙasa, a ɗebe ta a kwanon sarki, a kai ta wurin wanki. Manajan Bature ba ya jin harshen yawancin masu yi masa aiki, bai kuma san ƙauyukan da suka fito ba, saboda haka ragamar aikin yau da kullum ta koma hannun heluma, wato shugaban ƙungiyar leburori. Heluma ne yake nemo mutane, ya raba musu aiki, ya ranta musu kuɗi ko hatsi kafin ranar biya, ya sasanta rikicinsu a bariki, kuma sau da yawa ta hannunsa lada take bi kafin ta isa ga mai ita. Wannan matsayi ya ba shi damar cin amana, kuma an sami waɗanda suka ci, amma akwai abin da yake taka masa burki: lebura yana iya naɗe tabarmarsa ya koma barikin wani kamfani, kuma heluman da mutanensa suka watse ba shi da sauran daraja a wurin manaja. A nan ne ainihin shugabancin ma'adinan yake, ko da yake littattafan kamfanoni ba su cika ba shi muhimmanci ba.

Halayyar leburori ita ce abin da masu kamfanoni suka fi kuka da shi, musamman yadda ake cika bariki da rani, sannan a watse da zarar damina ta faɗi. Sun fassara wannan da lalaci da rashin horo, alhali lissafi ne irin na manomi ɗan ci-rani, wanda ya zo neman kuɗin haraji da na aure da na sutura, ya kuma san cewa ladar da ake biyansa ba ta kai ya saki gonarsa dominta ba. Masanin tarihi Bill Freund, a littafin da ya wallafa a 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Najeriya, ya nuna cewa ribar kamfanonin ta dogara ne a kan arhar wannan ƙwadago, wanda ƙauye yake ciyarwa kuma yake karɓa idan ƙarfinsa ya ƙare. Wasu kamfanoni sun koma ga tsarin 'yan tiributa, wato masu haƙa da kansu a filin kamfani su sayar masa da abin da suka samu bisa awo, kuma karɓuwar tsarin ta nuna cewa mutumin da aka kira malalaci yana aiki tuƙuru idan ya ga amfanin guminsa ƙuru-ƙuru.

Babban gwajin ya zo ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya, wadda Ingila ta dogara da kuzarta, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, aka ɗebo dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa ta hannun hukumomin En'e. An kawo su ƙasa mai tsananin sanyi ba tare da isasshen abinci ko masauki ko bargo ba, cututtuka suka kashe da yawa, wasu masu yawa kuma suka gudu. Kuzar da aka haƙa ta kai ƙololuwarta a 1943, amma ƙarin bai yi daidai da yawan mutanen da aka tara ba, balle ya biya rayukan da aka rasa, kuma wannan babi ya kasance abin kunya ga waɗanda suka tsara shi.

Bayan yaƙin, ƙungiyoyin ƙwadago suka fara karɓe wani ɓangare na aikin heluma, suna magana da manyan kamfanoni irin su ATMN, wanda aka kafa ta hanyar haɗe wasu kamfanoni, yayin da Birom, 'yan asalin yankin, suke ƙara matsa lamba kan gonakinsu da haƙa ta lalata. Injuna sun ƙaru, kuzar da take kusa da saman ƙasa ta ragu, sannan farashi ya rushe a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985. Manyan kamfanonin sun tafi sun bar kududdufai masu zurfi a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, kuma yawancin masu haƙar kuza a can a yau ƙananan ƙungiyoyi ne masu aiki da diga da shebur, kowace da shugabanta da mai ba ta jari.