Wa zai tashi, wa za a gani? Gardamar tashin ƙiyama da saduwa da dangi daga Farabi zuwa Ibn Rushdi

Gabatarwa

A wurin zaman makoki, ko a Maradi ko a Damagaram, in an ce wane ya riga mu gidan gaskiya, akan biyo da addu'ar Allah ya sada mu da shi a Aljanna. Addu'ar gajera ce, amma tana ɗauke da zato uku: cewa akwai rayuwa bayan mutuwa, cewa wanda zai rayu shi ne dai wanda muka sani, da cewa zai gane mu, mu gane shi. A wannan ƴar takarda muna son mu nuna cewa gardamar da aka tafka tsakanin ƙarni na 10 da na 12 na Miladiyya, daga Bagadaza har Andalus, ta fi zafi a kan zato na biyu da na uku. Kaɗan ne suka fito fili suka ce babu komai bayan kushewa. Abin da ya raba malamai shi ne ko mutum zai tashi da fuskarsa.

1. Abin da nassi ya ajiye

Alƙur'ani da kansa ya adana mana maganar masu shakka na farko. A Suratul Jasiya, aya ta 24, an kawo ra'ayin waɗanda ke ganin rayuwar duniya ce kaɗai, kuma zamani ne ke halaka mutane. Daga kalmar dahar ta wannan aya aka samo sunan Dahariyya. A ƙarshen Suratu Yasin kuma ga mai tambaya a kan raya ƙasusuwan da suka rududduge.

Game da saduwa, nassi ya yi alkawari, amma da sharaɗi. Suratuɗ Ɗur, aya ta 21, da Suratur Ra'ad, aya ta 23, sun yi maganar haɗa muminai da zuriyarsu da iyayensu da matansu, in su ma sun yi imani sun kyautata. Suratu Abasa kuwa ta nuna ranar da mutum zai guji ɗan'uwansa da uwarsa da ubansa da matarsa da ɗiyansa. Wurin da ya fi jan hankalinmu yana cikin Suratus Saffat, daga aya ta 51: wani ɗan Aljanna ya tuna abokinsa na duniya wanda ke ƙaryata tashi, ya leƙa, ya hango shi tsakiyar wuta. Ke nan an gane juna, an ma yi magana, amma ba a haɗu ba. Mu riƙe wannan hoto, don za mu sake cin karo da shi a hannun Ma'arri.

2. Masana falsafa: rai ya tsira, fuska ta ɓace

Farabi, wanda ya rasu a 950, ya raba rayuka bisa ga ilimin da suka samu. A littafinsa kan ra'ayoyin mutanen birni nagari, rayukan jahilai suna ƙarewa tare da jikkunansu, kamar na dabbobi. Rayukan da suka kammala su ne ke wanzuwa, kuma kowane rukuni da ya mutu yana haɗuwa da irinsa da ya gabata, daɗinsu na ƙaruwa da kowace sabuwar haɗuwa. Saduwa ce, amma ta kama da kama: masani zai iske masana, babu ruwan tsarin da uwa ko ɗa. Ibn Ɗufail, wanda ya rasu a 1185, ya ma zargi Farabi da cewa a sharhinsa na littafin ɗabi'u na Aristo, sharhin da ya ɓata, ya taƙaita jin daɗin ɗan Adam ga duniyar nan.

Ibn Sina (wajen 980 zuwa 1037) ya fi shi sassauci ta wani gefe: a wurinsa kowane rai na ɗan Adam yana wanzuwa bayan mutuwa, kuma yana nan shi kaɗai, bai narke cikin wani ba. Matsalarsa da jiki ce. A cikin al-Shifa ya ce tashin jikkuna daga shari'a ake karɓar sa, hankali ba ya iya kafa masa hujja. A al-Risala al-Adhawiyya kuwa ya fito da ƙin yardarsa, ya ɗauki siffofin Aljanna da wuta a matsayin misalai da aka buga wa talakawa don su fahimta. Hujjarsa da ta fi yaɗuwa ta ƙasa ce da abinci: gawa ta zama turɓaya, turɓaya ta ciyar da shuka, wani ya ci shukar ta zama namansa. Ranar tashi, wa ke da wannan tsoka? In kuma mutum ya ci mutum, an tayar da ɗaya, ɗayan ya tauye.

Daɗin da Ibn Sina ya bar wa rai mai kamala shi ne kallon gaskiya ta hankali tsantsa. Mace da ta binne ɗanta ba ta da abin riƙewa a nan, don abin da take so ta sake gani murya ce da tafiya da dariya, kuma duka na jiki ne.

3. Ma'arri

Abul Ala al-Ma'arri (973 zuwa 1057) shi ne wanda ya kamata a daɗe a kansa, domin a wurinsa tambayar ta taɓa gida. Agana ta makantar da shi yana ɗan shekara huɗu. Ya tafi Bagadaza neman ilimi, ya yi ƙasa da shekara biyu, ya kamo hanyar garinsu Ma'arra a ƙasar Sham wajen 1010, uwarsa kuwa ta rasu kafin ya iso. Ya yi mata waƙar makoki inda ya ɗage ganinta har ranar da matattu za su tashi. Daga nan ya kulle kansa a gida kusan shekara 47, bai yi aure ba, ya bar cin nama, yana ganin haihuwa kanta laifi ce da uba ke yi wa ɗansa.

A waƙoƙinsa na Luzumiyyat mai karatu zai iske abu biyu da ba su jituwa. A wani wuri ya kamanta mutane da gilashin da ya fashe wanda ba a sake narka shi. A wani wurin kuma ya mai da wa likita da mai duban taurari martani, su da ke musun tashi, da lissafin riba da hasara: in sun yi daidai bai rasa komai ba, in shi ya yi daidai su ne da hasara. Gazali ya kawo waɗannan baitoci a Ihya'u, kuma masu nazari a Turai sun daɗe suna kwatanta su da cacar Pascal ta ƙarni na 17. Waɗanda ke son su mai da Ma'arri kafiri tsantsa, da waɗanda ke son su wanke shi fes, kowannensu sai ya rufe ido ga rabin diwaninsa.

Wajen 1033 ya rubuta Risalatul Gufran, amsa ga wasiƙar wani tsohon malamin adabi na Halab mai suna Ibn al-Ƙarih. Ya ɗauki mutumin ya kai shi Aljanna cikin tunani, ya sa yana yawo yana tambayar mawaƙan da suka shuɗe da me aka gafarta musu. A'asha ya shiga, amma an hana shi giyar Aljanna tunda ya sha tasa a duniya. A bakin iyakar Aljanna sai ga Hansa'u, wadda ta yi suna da kukan ɗan'uwanta Sahar, tana leƙen wuta. Ta so ta gan shi, ta gan shi kamar dutse mai tsawo wuta na ci a kansa, wato kirarin da ta yi masa a duniya ya tabbata a kansa ta hanyar da ba ta nufa ba. Wannan shi ne hoton Suratus Saffat, sai dai an sauya aboki da ɗan'uwa na jini. A ganinmu babu wani masanin falsafa na wancan zamani da ya matsa wa aƙidar saduwa kamar wannan shafi, don bai musa tashi ba, ya karɓe shi dukansa, sa'annan ya tambaya wace irin Aljanna ce ga wadda ke hangen ɗan'uwanta daga can. A 2013 masu ɗauke da makamai sun sare kan mutum-mutuminsa a Ma'arra.

4. Martanin Gazali da abin da ya biyo baya

Gazali (1058 zuwa 1111) ya kammala Tahafut al-Falasifa a 1095. Cikin mas'aloli 20 da ya ƙalubalanci masana falsafa, uku ya kafirta su a kai, ɗaya daga ciki musun tashin jikkuna. Dabararsa ita ce ya ari makamin Ibn Sina: tunda kun yarda rai na wanzuwa, to mutum mutum ne da ransa, kuma Allah na iya mai da shi cikin jiki ko da ba daga turɓayarsa ta farko ba. Ai jikin yaro da na tsoho ba tsoka ɗaya ba ce, kuma ba wanda ya ce mutum biyu ne. Hujjar shuka da gawa ta faɗi ke nan.

Ibn Rushdi (1126 zuwa 1198), alƙalin Kurɗuba, ya mayar da martani wajen 1180. Ya ce masana falsafa ba su musa makoma ba, kuma abin da zai dawo irin jikin ne, tunda abin da ya ƙare ba ya dawowa shi da kansa. Amma a babban sharhinsa na littafin rai na Aristo ya tafi a kan cewa hankalin da ke karɓar ilimi ɗaya ne ga dukan ƴan Adam. In haka ne, abin da ke dawwama ba na wane ba ne, kuma babu wanda zai sadu da wani. Malaman Kirista na Paris sun ga wannan haɗari: Thomas d'Aquin ya rubuta raddi a 1270, limamin birnin Étienne Tempier ya haramta ra'ayin a shekarar, ya sake a 1277 cikin jerin maganganu 219. Labarin ne Ernest Renan ya bi diddigi a littafinsa na 1852.

5. Abin da ya iso gare mu

Ra'ayin da ya zauna a makarantun zaure na ƙasashenmu shi ne na malaman aƙida. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya sani, ta koyar a babinta na aƙida cewa rayukan masu rabo suna nan cikin ni'ima har ranar tashi. Ibn al-Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ware mas'ala a Kitab al-Ruh kan ko rayukan matattu na haɗuwa suna ziyartar juna, ya amsa da i ga waɗanda ke cikin ni'ima. Waƙoƙin makoki na Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) a kan wannan tushe suka tsaya.

Tambaya ɗaya dai ta ƙi kwanciya, kuma a al'ummar da zawarci da sake aure suka zama ruwan dare tana da nauyi: macen da ta auri maza biyu ko uku, ta wa ce a lahira? Sadukiyawa, masu musun tashi, da ita suka jarraba Annabi Isa (AS) a Linjilar Markus, sura ta 12, inda amsar ita ce ba a aure a ranar tashi. Malaman Musulunci, da yake sun tabbatar da aure a Aljanna, dole suka zaɓa: wasu suka ce ta mijin ƙarshe ce, wasu suka ce za ta zaɓi wanda ya fi kyawun hali. An ruwaito cewa Ummu Darda'i ta ƙi auren Mu'awiya bayan rasuwar Abu Darda'i saboda ra'ayin farko, don kada wani ya shiga tsakaninta da mijinta a can.