Kube a Kan Hanyar Gwanja

Duk inda dukawa suka zauna suna jajanta wa juna lalacewar sana'a, wuƙar kanti ce ke fara shan zagi. Wai tun da aka cika kasuwa da wuƙaƙen Sin masu ƙotar roba, baduku ya rasa abin da zai yi wa kube. Maganar tana da daɗin faɗi, amma tarihin sana'ar bai goyi bayanta ba. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba masu ɗimbin yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus, ta hanyar Sahara, a Kano kuma ake yi musu ƙota da kube kafin su shiga hannun masu saye. Ke nan tun kakannin kakanninmu baduku yake tufatar da ƙarfen da ba a ƙasarsa aka ƙera ba, kuma da haka ya ci abinci. Baƙon ƙarfe bai taɓa zama abokin gābar kube ba. Abin da ya riƙe sana'ar abu biyu ne, fatar da aka jeme da bagaruwa da kuma kusancin baduku da wuƙar da zai yi wa gida. Garuruwan Paraku da Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin sun isa shaida, domin a can ne ake iya ganin yadda waɗannan biyun suka zo, da yadda suke zamewa.

Hanyar goro ce ta kai dukanci irin na Hausa ƙasar Bargu, inda Paraku take. Ayarin fatake kan tashi daga Kano, inda kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ko daga Sakkwato da Jega, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Nikki da Paraku zuwa Jugu, wadda tsoffin fatake ke kira Zugu, daga nan ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen wannan fatauci. A 1826 Hugh Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000. Wanda ya san tafiyar watanni da jakuna ya san yawan fatar da take ci: takalmi ya tsinke, salka ta huje, majayin sirdi ya yanke, laya ta kwance, kube ya fashe a baki. Bargu kuma ta yi suna wajen 'yan kwanta-kwanta, don haka madugu ba ya barin mutanensa su yi tafiya hannu sake. Kowane zango babba yana bukatar mai basilla. Jugu ta kasu biyu tun da daɗewa, Kilir ta sarauta da Wangara ta 'yan kasuwa Musulmi, a ɓangare na biyun ne baƙo mai sana'a yake samun masauki, ya koyi Dandanci, ya yi aure, 'ya'yansa su tashi suna 'yan gari.

Za a iya cewa wannan son kai ne na Bahaushe, domin Bargawa mahaya dawaki ne masu ƙawa, kuma ba su jira wani ya zo daga Kano ya koya musu ɗinkin fata ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ga kayan dokin Wasangari, masu sarautar Bargu, ba zai musa ba. Abin da ayari ya kawo na daban shi ne fatar kanta. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da fata mai ƙaramin ido, marar kauri, mai ƙarfi, ita ce ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Majemi yana jiƙa ta, ya sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya lausasa ta da kashin kaji ko na tantabara, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa yana cuɗawa har jima ta ratsa. Ja daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kuloko, wato kashin maƙera da aka tsima, kore kuma shi ne korino, wanda ake samu daga garin tagulla, mai tsada, shi ya sa siririn zare kawai ake yankawa a yi ado da shi. Fatar bagaruwa tana da wani hali da shi ne ginshiƙin kube: in an jiƙa ta takan bi siffar abin da aka naɗa ta a kai, in ta bushe ta tsaya a haka.

Kube na gaske daga ciki ake fara shi, inda mai saye ba ya gani. Baduku yana ɗora ruwan wuƙa a kan ƙirgi mai tauri, ko a kan ɓawon itace marar nauyi guda biyu da aka fere, ya zana siffarta, ya bar ɗan sarari kamar kaurin ƙwayar gero a gefen kaifi. A wannan gefen ake saka wani siririn yanki na fata tsakanin bango biyu, domin kaifi ya riƙa cin sa maimakon ya yanke zare. Sai a kawo fatar akuya mai laima, a shafa ƙullu, a ja ta sosai a kan wannan ƙashi, a kai ɗinki baya, a ninka baki ciki don nan ne wuƙa ke gogawa sau ɗari a rana. Tun fatar ba ta gama bushewa ba ake danna mata zane da bakin ƙarfe marar kaifi, layi bayan layi, sannan a bar wuƙar a ciki, an shafe ta da mai, ta kwana. Gwajin kuwa ba ya bukatar malami. A kifa kuben baki ƙasa: in wuƙa ta zame, aikin banza ne; in sai an yi kokawa kafin ta fito, wata rana mai ita zai yanke yatsa. Wuƙar mahauci mai faɗin ciki, da wuƙar hannu mai zoben fata da ake zurawa a damtse, da 'yar wuƙar makiyayi, kowace da nata gida. Shi ya sa rumfar baduku ba ta nisa da maƙera.

Hanyar goro ta mutu a hankali. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante kan cinikin goro ya raunana, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Bargu gida biyu, goro kuma ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano bayan 1911. In da sana'ar kube ta dogara da takobi da ayari kaɗai, da a nan ta ƙare. Sai ga shi wata hanya ta buɗe. A 1936 layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso Paraku ya tsaya, bai ƙara gaba ba. Duk kayan da za su Nijar sai an sauke su a tasha an ɗora wa manyan motoci, unguwar Zongo ta cika da direbobi, 'yan dako, mahauta da masu tsire, yawancinsu masu jin Hausa. Waɗannan su ne sababbin masu sayen wuƙa. Motar ma ta kawo wa maƙeri alheri: karyayyen sifirin ya maye gurbin tama, kuma ƙarfe ne mai riƙe kaifi. Ga shi kuma mai saurin tsatsa, don haka ya fi bukatar kube nagari. A karo na biyu ke nan baƙon ƙarfe ya ba baduku aiki.

Matsalar ta shigo ta wajen fata. Manyan masana'antun jima na Kano, a Sharaɗa da Challawa da Bompai, suna sayen fatar akuya mafi kyau su jeme ta da gishirin kurom su fitar da ita Turai, Italiya da Sifen musamman, inda ake ɗinka takalma da jakunkuna. Fatar shanu kuwa tukunya ce ke cinye ta, domin ganda ta fi jima kawo kuɗi nan take. Majemin Ƙofar Wambai a Kano yana samun ragowa, badukun Paraku yana samun ragowar ragowa, sai ya koma wa yankakkun fatar kamfani da leda mai kama da fata. Masu kare wannan canji suna cewa fatar kurom ta fi laushi, ta fi jure ruwa, launinta ba ya zuba, kuma kwana ɗaya ko biyu ake jeme ta. Duk haka ne, kuma ga takalmi ba ta da na biyu, shi ya sa ta mamaye duniya tun bayan da aka fara amfani da ita a masana'antu a 1884. Amma laushin da ake yabo shi ne aibunta a nan. Ba ta karɓar siffa, ba ta riƙe zane, bayan 'yan watanni kube ya saki kamar safa. Gishirin da ke cikinta kuma, in ya haɗu da laimar damina irin ta Bargu, yana cin ƙarfen maƙera. Leda ta fi muni: tana kulle gumi a ciki, ta ɓare a rana. Wanda ya sayi irin wannan sau biyu ya ga wuƙarsa ta yi ja, ba zai ce fatar ce ba, zai ce dukawan yanzu ba su iya aiki ba, ya koma naɗe wuƙa da tsumma ko kwali.

Akwai masu kwantar da hankali da cewa bikin Gani zai riƙe sana'ar. Lalle duk shekara a watan Mauludi mahaya suna cika Nikki, Jugu ma tana yin nata, kuma sirdi da linzami da takobi mai hamila suna samun kasuwa. Sai dai takobin hawa ba a yanka komai da shi, don haka ba wanda ke tambayar cikin kubensa. Ado kawai ake saye. Haka wuƙaƙen tsaraba da ake yi wa baƙi masu yawon buɗe ido. Wannan kasuwa tana koya wa yaro mai koyon sana'a ya iya tufka da geza da launi, ya manta da auna kaifi. Ita ce kuma ta haifar da ɗabi'ar ɗinka kube goma sha biyu a girma ɗaya a rataye a kasuwar Arzeke ta Paraku ana jiran duk wuƙar da ta shiga. Wannan jaka ce mai siffar kube. Ranar da baduku ya daina riƙe wuƙa a hannu kafin ya yanka fata, rabin iliminsa ya tafi, ko da kuwa fatar Sakkwato ce a gabansa.

Wuƙar Sin ma, in an kai ta rumfa, za a yi mata gida kamar yadda aka yi wa ta Solingen. Mai saye ne ke da ragowar aikin. In Babbar Sallah ta matso za ka gyara wuƙar layya, ka ɗauke ta ka kai wa baduku da kanka, ka ce ya nuna maka fatar kafin ya yanka. Ka duba bakin yankan: ta bagaruwa ruwan ƙasa ce har ciki, tana ƙamshin itace, ta kurom kuwa tsakiyarta shuɗi-shuɗi ne. Ka ba shi kwana uku, ka biya kuɗin fatar ba tare da ja-in-ja ba.