Totur, Birki da Gangare: Nazarin Sarrafa Babur ɗin Ƙanƙara a Duwatsun Kanada

Lokacin da Joseph-Armand Bombardier ya fito da Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Kebek a 1959, babur ɗin ƙanƙara abin hawan fili ne da daji. Samfurin Summit na 1994 shi ne kamfanin Bombardier ya ƙera musamman don dutse. Wannan maƙala ta bi sawun abin da ya sauya a jikin babur ɗin da hannun mahayinsa, da kuma inda sauyin ya kai su.

Babur ɗin dutse dogo ne, siriri. Belin robar da ke tura shi yakan kai inci 154 zuwa 165, haƙoransa kuma inci 2.5 zuwa 3, don su ciji dusar ƙanƙara mai zurfi. An matse tsakanin ƙafafun zamiyarsa biyu na gaba zuwa kamar inci 35, alhali na babur ɗin hanya ya haura 40. Matsewar nan ce ke ba shi damar kishingiɗa.

Kishingiɗar kuwa ita ce ƙashin bayan sana'ar. Mai son ratsa gangare ta gefe a tsaye yake tuƙi. Zai karkata kan babur ɗin zuwa ƙasa, ya ɗan taɓa totur, sai babur ya jingina da dutsen, ƙafar zamiya ɗaya ta tashi sama. Idan dutsen yana hagunsa, ƙafarsa ta dama yake ɗorawa a matakin hagu, ta hagun kuma ya bar ta tana dogara ƙanƙara kamar mai tura kwalekwale da gora. Idonsa na can inda ya nufa, domin wanda ya ƙura wa bishiya ido, bishiyar zai tarar.

Saitin hannu yana bin wannan tsayuwa. Totur na ƙarƙashin babban yatsan dama. Birki na hagu, ana daidaita shi yadda manuniya kaɗai za ta riƙe shi, sauran yatsu na damƙe da kan. Kan da ya yi tsawo da yawa yakan jefa nauyin mahayi baya, gaba ya ɗaga. Akwai kuma igiyar da ke ɗaure mahayi da makunni, wadda ke kashe injin da zarar ya faɗi; barinta a gida ganganci ne tsantsa.

Ta fuskar inji kuma, ƙarancin iskar kan dutse kan rage masa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Ski-Doo 850 E-TEC Turbo na 2020 ya toshe wannan giɓi.

Abin damuwar shi ne, wannan ƙwarewa tana kai mahayi gangaren da ke tsakanin digiri 30 da 45, daidai inda ƙanƙara ta fi zaftarewa. A Disamban 2008, mahaya takwas daga garin Sparwood sun rasu a zaftarewar ƙanƙara kusa da garin Fernie. A ranar 13 ga Maris, 2010, a dutsen Boulder da ke kusa da garin Revelstoke, ƙanƙara ta rufto kan taron 'yan kallo da suka tsaya a gindin gangare, mutum biyu suka mutu, kimanin talatin suka jikkata. Shi ya sa masu horarwa ke nanata a hau gangare ɗaya bayan ɗaya, sauran su jira nesa da hanyar zaftarewa, kowa da shebur, da sandar lalube, da na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne mai aiki a zangon kilohaz 457.