Daga Zugazugi Zuwa Fom ɗin JAMB

Tun kafin a ji sunan injiniya a garuruwan ƙasar Birnin Gwari, maƙeri ne ke riƙe da manomi. Garma da fartanya da lauje da gatarin saran daji, har bakin kibiyar maharbi, duk daga maƙera suke fitowa. Sana'ar gado ce, ɗan maƙeri shi ke zama maƙeri, wanda ya shigo daga waje kuwa a ce ɗan haye ne. Amma ko a cikin gadon akwai tankaɗe da rairaya, kuma uba ne ke yin sa da idonsa.

Yaro a bakin zugazugi yake farawa. Zai zauna yana zuga wutar gawayin ƙirya, uban yana aikinsa kamar bai san da shi ba, alhali babu abin da ya kuɓuce masa. Wani yaron zai zuga da ƙarfi har tartsatsi ya tashi, can ya gaji ya saki, wuta ta lafa. Wani zai riƙe hannu ɗaya tun hantsi har azahar. Akwai wanda hankalinsa ba ya kan zugar ma, idonsa na kan ƙarfen, yana lura da lokacin da ya tashi daga ja zuwa ruwan ɗorawa, har ya miƙo awartaki kafin a ce ya miƙo. Mai ƙarfi da zafin nama masaba za a ba shi ya yi ta dukan ƙarfe a kan uwar maƙera. Mai haƙuri shi ake bar wa gyaran baki da kaifi. Hatta rabuwar maƙeran baƙi da maƙeran fari, masu zobe da awarwaro da kayan doki, tana da alaƙa da wannan: aiki ɗaya na son ƙwanji, ɗayan na son natsuwa. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. Ya tsare 'ya'yan da ba na gida ba, 'ya mace kuwa ko maganarta ba a yi.

Da Turawa suka zo, makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa da sashen koyon sana'o'in hannu. Karatun injiniya sosai sai daga baya. An kafa kwalejin fasaha da kimiyya mai rassa a Zariya da Ibadan da Enugu a 1952, reshen Zariya ne kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta gada da aka buɗe ta a 1962. A Kaduna an buɗe cibiyar koyon fasaha a 1956, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968.

Daga nan kasuwar aiki ta fara yi wa yara zaɓe. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Duk wadda tauraronta ke haskawa, can iyaye ke tura 'ya'yansu. Da aka kafa JAMB a 1978, sai zaɓen ya koma kan takarda da maki. A wajenmu a da, yaron da ya gama sakandare yakan tafi shagon intanet da kawunsa a gefe. Kawu ya ce, "Sa masa sinadarai, aikin mai ake samu." Yaro ya ce, "To, Kawu." Idan maki bai kai ba, a tura shi sashen da ke da gurbi. Babu wanda ya taɓa kallon hannunsa.

Halin dai ba ya ɓacewa, jinkirin bayyana kawai yake yi. Inda na fi ganinsa shi ne lokacin da ɗalibai ke fita koyon aiki a masana'antu, shirin SIWES da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973. Ɗalibin da jininsa ya haɗu da sibil zai wuni a rana yana gardama da magina da leburori kan yawan siminti da yashi, ya dawo yana murna, domin shi mutum ne mai son jama'a da aikin da ake gani da ido. Na makanikal ba ya yarda da inji sai ya kwance shi, ya jera kusoshi a kan buhu bisa tsarin da ya cire su. Na lantarki yana fama da abin da ba a gani, sai ya auna sau biyu kafin ya taɓa waya, kuma yakan fi son a bar shi shi kaɗai da mitarsa. Wanda aka jefa inda bai dace da shi ba, za ka gane shi daga tsayuwarsa: hannu a aljihu, yana jiran a sa masa hannu a littafi. Sau da yawa ba rago ba ne. Na ga masu takardar sinadarai da suka ƙare a haɗa sola, kuma ƙwararru ne a kai.

Tsohon idon nan na maƙera bai mutu ba, yana nan a kasuwar Panteka ta Kaduna. Maigida ba ya tambayar yaro makinsa. Zai bar shi yana shara da miƙo kaya, yana kallonsa, kafin ya ce wannan na walda ne, wancan na zubin tukwane, wannan kuwa a kai shi wajen masu naɗin waya. Da yawa daga ɗaliban Poly, idan aikin kammala karatu ya zo, can suke kai zanensu a ƙera musu. Da ni ake shawara, da sai sabon ɗalibi ya zagaya bita-bitar kowane sashe na zango guda, malamai na kallon yadda yake riƙe kayan aiki, kafin a rubuta masa sashensa.