Ƙofar da ke kallon titi

A 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, aka gina firamaren unguwarmu a Kano, ƙofarta na kallon hanya. Ba wanda ya damu. Keke da jaki ke bi, mota sai jefi-jefi. Daga baya acaɓa ya cika gari. Da aka hana shi ɗaukar fasinja a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ta gaje shi, ita kuwa ta fi cin wuri. Ƙofa tana nan inda take.

Bana ana gyaran makarantar. Tifa ta juye yashi a gefen da yara ke raɓawa, in an tashi sai tsakiyar kwalta. Mun roƙi ɗan kwangila ya fasa wata ƙofar ta lungun baya. Ya ce ba ta cikin takardar aikinsa.