Bindigar fenti ta ƙananan kayan mota: a fara duba kwamfuresa kafin a tafi kasuwa

Mai fentin da yawancin aikinsa marfin madubi ne, ko hannun ƙofa, ko tankin babur, ba ya bukatar babbar bindigar da ake fesa jikin mota da ita. Kofin babbar yakan ɗauki mililita 600, feshinta kuma yana buɗewa da faɗi, saboda haka a kan abu mai girman tafin hannu fenti da yawa iska ce ke kwashe shi. Ƙaramar bindiga, wadda ake kira mini-pistolet a Faransanci, kofinta bai cika wuce mililita 125 ba, tana kuma shiga lungun da babbar ba ta kaiwa.

Sai dai abin da ke kayar da masu saye shi ne iska. Bindigogin da aka rubuta wa HVLP suna aiki da iska mai yawa a matsi kaɗan, bar 0.7 a bakin bindiga, kuma an ƙera su ne don aƙalla kashi 65 cikin 100 na fentin ya sauka a kan aiki. Tsimin fenti ne babba, amma babbar HVLP tana iya cin lita 400 na iska a minti ɗaya. Kwamfuresa mai tankin lita 50 da ake gani a ƙananan garaji ba ta ba da ko rabin haka. Za a fara feshi lafiya, kafin a kai ƙarshen bamfa ƙarfi ya faɗi, fentin ya fito gudaji-gudaji kamar ɓawon lemu. Ƙananan HVLP kuwa da yawansu lita 60 zuwa 150 suke nema. A lura, lambar da aka manna a jikin kwamfuresa galibi iskar da take zuƙa ce, wadda take fitarwa ba ta kai haka ba.

Sai girman bakin bindiga, wanda ake aunawa da milimita. Ga fentin launi, 0.8 zuwa 1.0 ya isa. Ga banis mai sheƙi na ƙarshe, 1.0 zuwa 1.2. Fentin ƙasa mai kauri, wanda ake gogewa da sanfefa, yana son 1.6 ko 1.8, kuma a ganina gara a ware masa wata bindiga mai araha da a riƙa tura shi ta ƙaramin baki. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, ya ɗauki 1.0.

Sunayen da suka yi fice su ne SATA ta Jamus, Anest Iwata ta Japan da DeVilbiss ta Amurka, wadda asalinta na'urar fesa magani a maƙogwaro ce da wani likita ya ƙera a 1888. Jabunsu sun cika kasuwa. Bindigar Chana mai sunan kanta ta fi jabu mai babban suna, muddin ana samun allurarta, da bakinta, da hular iskarta a gari, domin su ukun tare ake sauya su.

Yanayi ma yana da tasa. A Duwala ko Kwatano danshi yana taruwa ya zama ruwa a tanki, ya bi tiyo ya ɓata fenti, don haka a sa matatar ruwa, a kuma zubar da na tankin kullum. A Njamena ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, feshin ƙaramar bindiga yana iya bushewa kafin ya sauka. A yi amfani da tina mai jinkirin bushewa, a riƙe bindigar santimita 10 zuwa 15 daga aikin.

Fentin 2K, wanda ake haɗawa da sinadarin daskarwa, yana ɗauke da isosayanet, mai jawo ciwon asma da kan zauna wa mutum har ƙarshen rayuwa. Takunkumin takarda ko rawani ba su tare shi. Kariyar da ta dace ita ce takunkumi mai kawo iska mai tsabta ta tiyo, a kuma nisanta yaran shago daga wurin feshi har hazon ya washe.