Kurman Tushe: Nazari a Kan Lambar da Ba Ta Faɗuwa

Magini ya auna ɗaki mai kusurwa huɗu daidai, mita huɗu tsawo, mita huɗu faɗi, sannan ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan mai kallonta. Igiyar tana da tsawo takamaimai, ana iya riƙe ta a hannu. Amma idan aka ce a faɗi tsawon da lamba, sai magana ta ƙi ƙarewa: 5.6568 da ɗoriya, ɗoriyar kuma ba ta da iyaka, ba ta maimaita kanta. Hanya ɗaya ce ta rubuta wannan tsawo cif-cif, wato √32, ko 4√2. Irin wannan lamba ce littattafan sakandare ke kira surd, kuma ita ce ɗalibai da yawa ke gudu a jarrabawar WAEC da NECO.

Sunan kansa yana da labari. Masana lissafi na Larabawa, tun zamanin Alkhawarizmi wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, sun raba lambobi gida biyu: waɗanda ake iya furtawa, da waɗanda suka kira asamm, wato kurma. Da masu fassara na Turai suka juya littattafan Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12, sai suka ɗauki kalmarsu ta kurma, surdus, suka ɗora. Saboda haka idan Bahaushe ya ce kurman tushe, bai ƙirƙiro komai ba, ya koma wa asalin sunan ne. Ita kuwa alamar √ ta zo daga baya, a littafin Bajamushe Christoph Rudolff na shekarar 1525.

Tun kafin duk waɗannan, mutanen Babila sun san √2. Akwai wani ɗan allon yumɓu da ke ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka, mai shekaru fiye da 3,500, wanda aka zana murabba'i a kansa, aka rubuta ƙimar √2 da ta yi daidai da 1.41421. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne hujjar cewa ba za a taɓa samun lambobi biyu cikakku da za a raba ɗaya da ɗaya a sami √2 ba. Hujjar gajera ce. A ɗauka √2 daidai yake da p bisa q, an kuma rage su har babu lambar da ke raba su tare. To p² zai zama 2q², ke nan p yana rabuwa biyu ba saura. A rubuta p a matsayin 2k, sai q² ya zama 2k², ke nan q ma yana rabuwa biyu. Ga shi kuwa mun ce babu abin da ke raba su tare. Zaton ya ci karo da kansa, don haka ƙarya ne.

Na tsaya a kan wannan ne domin a ganina nan matsalar ɗalibanmu take. Suna ɗaukar √2 a matsayin aikin da ba a gama ba, sai an danna kalkuleta ta fito da 1.414 sannan hankali ya kwanta. Alhali lamarin akasin haka yake. Ninka 1.414 da kanta, za ka sami 1.999396, ba 2 ba. Ninka √2 da kansa, ka sami 2 babu ragi babu ƙari. Kurman tushen shi ne amsa ta gaskiya, lambar kalkuleta kuwa kintace ce. Shi ya sa mai tsara jarrabawa ke cewa a bar amsa da alamar tushenta.

Dokokin aiki da shi ba su da yawa. Tushe yana jituwa da ninkawa da rabawa: √a × √b daidai yake da √ab, muddin lambobin ba su gaza sifili ba. Daga nan sauƙaƙawa ta fito. A √50, sai a nemi babbar lambar da tushenta ke fita cif a cikin waɗanda ke raba 50, wato 25, a rubuta √25 × √2, a sami 5√2. Haka √18 yake komawa 3√2. Yanzu da suka zama jinsi ɗaya ana iya tara su, kamar buhun gero biyar da buhun gero uku: 8√2. Amma √2 + √3 gero ne da dawa, a nan za su tsaya.

Tarawa ce ramin da aka fi faɗawa. Na taɓa duba takardun wani aji inda fiye da rabin yaran suka rubuta √2 + √3 = √5. Ban yi musu dogon bayani ba. Na rubuta √9 + √16 a allo na ce su faɗi amsa. Wasu suka ce √25, wato biyar. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai uku da huɗu bakwai ne." Ajin ya yi tsit. Sai na zana musu hanya: mutum ya yi taku uku gabas, ya juya ya yi taku huɗu arewa, ya yi taku bakwai ke nan, wanda ya yi yanke ta tsakiya kuwa taku biyar ya yi. Wannan uku, huɗu, biyar ɗin ne magina ke amfani da shi wajen daidaita kusurwar gini. Kuskuren yaran ba na sakaci ba ne. Sun ga doka ta yi aiki a ninkawa, suka zaci za ta yi a ko'ina, kuma ba wanda ya taɓa sa su gwada ta da lambobin da suka sani.

Sai batun kawar da tushe daga lambar ƙasa, wanda ake koyarwa kamar umarni marar dalili. Yana da dalili. Kafin kalkuleta, wanda zai raba 1 da 1.4142 da hannu zai sha wahala. Idan ya ninka sama da ƙasa da √2, sai 1/√2 ya koma √2/2, wato rabin 1.4142, wanda yaro ma zai ce 0.7071 da ka. Ƙimar ba ta canja ba, domin ninka sama da ƙasa da abu ɗaya ninkawa ce da ɗaya. Akwai amfani na biyu da bai tsufa ba: idan kowa ya rubuta amsarsa da siga ɗaya, nan take za a gane ko amsoshi biyu ɗaya ne.

Idan lambar ƙasa tana da gaɓa biyu, kamar 1/(√3 − 1), sai a nemo abokin tagwaicinta, wato √3 + 1, inda alamar tsakiya kaɗai ta juya. Ninka su biyun yana ba da 3 − 1, domin gaɓoɓin tsakiya suna cinye juna. Amsa ta zama (√3 + 1)/2. Babu sabon abu a nan, tsohuwar dokar nan ce ta (a − b)(a + b) = a² − b² da ɗalibi ya riga ya sani.

Wani ruɗanin da ya kamata a kauce masa: ba duk mai ɗauke da alamar √ ne kurma ba, √49 bakwai ne kawai. Kuma π, duk da ba ta ƙarewa, ba kurman tushe ba ce, nata gidan daban.

Malamin da ke son nuna wa aji √2 a zahiri ba ya bukatar komai sai takardar A4 da ke kan teburinsa. Faɗinta milimita 210, tsawonta 297. An zaɓi wannan awo ne don idan aka naɗe ta biyu, rabin ya fito da siffar uwar, kuma √2 kaɗai ke ba da haka. A sa yara su raba 297 da 210, za su sami 1.4143, su naɗe takardar, su sake aunawa.